Lissafin Tsakiyar Kaka: Yadda Ɗan Zariya Ya Auna 'Yan Wasansa A Toronto

A wannan makon za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa mu leƙa ƙwallon kwando, domin idan kakar gasar NBA ta Amurka ta kai tsakiya, a lokacin ne shugabannin ƙungiyoyi ke zama da biro da takarda su tambayi kansu: wa za mu riƙe, wa za mu sallama?

Mun san yadda musu yake a gidajen kallo, daga nan Lafagu har cikin garin Bagudo. Da an ce wane ya fi wane, hujjar farko ita ce yawan ƙwallon da ya ci. A ƙwallon kwando abin ya fi tsanani, saboda wasan da aka fara da ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Toronto yakan same mu da ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Yawancinmu sai da safe muke ganin guntun bidiyo a waya, shi kuwa guntun bidiyo mai jefa ƙwallo a kwando kaɗai yake nunawa. Masu riƙe da ƙungiya tambaya uku suke yi: me ɗan wasan yake yi mana, nawa muke biyan sa, kuma saura wata nawa kwantiraginsa ya ƙare? Ta ukun ce aka fi mantawa da ita a gidan kallo, ita ce kuma ta fi yanke hukunci. Misalinmu shi ne ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a tsakiyar kakar 2023-24, lokacin da wani mutumin Zariya ke shugabantar ta.

Yadda kasuwar take

A ƙwallon ƙafa, ƙungiya mai kuɗi takan biya wata ƙungiya ta sayi ɗan wasa. A NBA ba haka ake yi ba. Musaya ake yi: ka ba ni wane, in ba ka wane, kowa ya tafi da kwantiraginsa yadda yake. Ana kuma iya haɗawa da damar zaɓe. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na gasar sukan zaɓi sababbin matasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke samun damar zaɓa da wuri. Wannan dama dukiya ce, ana bayar da ita ana karɓa.

Sai iyakar albashi. A kakar 2023-24, gasar ta tsayar da dala miliyan 136 a matsayin iyakar abin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya. Akwai hanyoyin da doka ta yarda a haura wannan adadi, musamman idan ƙungiya za ta sabunta wa ɗan wasanta kwantiragi, amma wadda ta wuce dala miliyan 165.3 sai ta biya haraji mai nauyi. Ke nan duk dalar da aka ba wa mutum ɗaya, an hana ta wani. Kowace ƙungiya na buga wasa 82 kafin a shiga zagayen neman kofi, kuma a watan Fabrairu ake rufe kasuwar musaya. A waccan kakar ranar 8 ga Fabrairu, 2024 aka rufe.

Wane ne Masai Ujiri?

An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, a can kuma ya fara jefa ƙwallo a kwando yana ɗan shekara 13. Ya yi karatu a Amurka, ya buga wasa a Turai, sannan ya fara aikin farautar 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, a shekarar kuma ya karɓi ragamar Toronto. Shi ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, wadda ke shirya sansanonin horo da gina filaye wa matasan Afirka.

An san shi da ido. Pascal Siakam ɗan Kamaru, na 27 aka zaɓe shi a 2016. OG Anunoby, wanda aka haifa a Landan kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, na 23 aka zaɓe shi a 2017. Fred VanVleet kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, Toronto ce ta tsince shi. Da su da wasu ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019, ta doke Golden State Warriors da wasa 4 da 2. Shi ne karon farko da kofin ya bar ƙasar Amurka.

Shekara huɗu bayan nan, labari ya sha bamban. Zuwa safiyar 30 ga Disamba, 2023, Toronto ta buga wasa 31, ta ci 12 ta faɗi 19. A daren ranar ma Detroit Pistons, wadda ta yi wasa 28 a jere ba ta ci ko ɗaya ba, a kan Toronto ta huce haushinta. Abin ɗaure kai shi ne 'yan wasan ba marasa ƙwazo ba ne. To ina gizo yake saƙar?

Tambaya ta farko da ta biyu: aiki da albashi

Mu ɗauki mutum uku, mu yi lissafin da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yi.

Siakam na karɓar dala miliyan 37.9 a shekara, wato kusan kashi 28 cikin 100 na iyakar albashin ƙungiyar duka. Yana zura maki 22.2 a kowane wasa. In aka raba albashinsa gida 82, kowane wasa ya tashi kimanin dala 462,000, kowane maki kuma kusan dala 20,800.

Anunoby na karɓar dala miliyan 18.6, yana zura maki 15.1. Wasa ɗaya kimanin dala 227,000, maki ɗaya kusan dala 15,000.

Scottie Barnes, ɗan shekara 22, yana kan kwantiragin sababbin shiga, wanda gasar ce ke ƙayyade adadinsa. Albashinsa dala miliyan 8 ne, ya kuma ƙare kakar da maki 19.9 a kowane wasa. Maki ɗaya bai kai dala 5,000 ba. Ga shi kuma yana tsinto ƙwallo sau 8 in ta faɗo daga kwando, yana miƙa wa abokansa ƙwallon da suke ci sau 6 a wasa.

A wannan lissafi Barnes ne arahar kasuwa. Abin da Siakam ke kawowa, shi ma yana kawo kusan irinsa a kan ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Ba abin mamaki ba ne da Masai da babban manajansa Bobby Webster suka yanke cewa a kan Barnes za a sake gina ƙungiya.

Sai dai kada wannan lissafi ya ruɗe mu, domin akwai aikin da ba ya fitowa a allon maki. Anunoby mai tsaro ne. Shi ake ɗora wa ɗan wasan da ya fi haɗari a ɓangaren abokan karawa, dogo ne ko gajere. A kakar 2022-23 shi ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar baki ɗaya. Makin da ya hana a ci ba a rubuta shi da sunansa, amma yana cikin sakamakon wasa. Hujjar ta fito bayan ya koma New York Knicks: makinsa bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu, amma a cikin wasa 23 da ya buga musu kafin zagayen neman kofi, sun ci 20 sun faɗi 3 kacal. Wanda ya tsaya a kan raba albashi da maki zai ce Anunoby matsakaicin ɗan wasa ne. Wanda ya kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe ba zai faɗi haka ba.

Tambaya ta uku: saura wata nawa?

Mu a Kebbi ba sai an yi mana dogon bayani a kan albasa ba. Manomi ya cire albasarsa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Yana iya sayarwa yanzu da araha, yana kuma iya adanawa ya jira tsada. Amma albasa ba gero ba ce, tana ruɓewa a ajiye. Kowane mako da ya wuce, buhu na raguwa. Mai sayen da ya zo daga kasuwar Tsamiya ko Lolo ya san haka, shi ya sa in ya ga ta fara laushi yake karya farashi.

Kwantiragin ɗan wasa haka yake. In saura shekara biyu, mai saye zai ba da kaya masu yawa, don ya san zai mori mutumin kaka biyu. In saura wata biyar, sai ya ce: in ya gudu bayan wata biyar fa? In kuwa ya ƙare, ɗan wasan zai tafi inda ya ga dama, ƙungiyarsa ba ta samun ko sisi. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun ga irin wannan a 2024, lokacin da Kylian Mbappé ya bar PSG zuwa Real Madrid ba a biya kuɗin sayensa ba.

Toronto ta riga ta ɗanɗana wannan. A watan Fabrairun 2023 an yi ta rade-radin za ta sallami VanVleet, wanda kwantiraginsa ke dab da ƙarewa. Ba ta sallame shi ba. Da kaka ta ƙare, Houston Rockets ta ba shi kusan dala miliyan 130 na shekara uku, ya tafi, Toronto ta tashi hannu biyu.

Yanzu ga Siakam da Anunoby, dukkansu kwantiraginsu zai iya ƙarewa a tsakiyar 2024. Na Anunoby ma akwai ƙarin matsala. Doka ta ce in za a tsawaita wa ɗan wasa kwantiragi kafin ya ƙare, albashin shekarar farko ba zai wuce kashi 140 cikin 100 na tsohon ba. A wurinsa wannan ya kama kimanin dala miliyan 26, shi kuwa ya san kasuwa za ta ba shi fiye da haka nesa ba kusa ba. Ba shi da dalilin sa hannu da wuri. In kuma Toronto ta jira ta biya su duka biyun farashin kasuwa, za ta ɗaure fiye da dala miliyan 75 a shekara a kan mutum biyu, a ƙungiyar da da su ɗin ma take faɗuwa wasa uku cikin biyar.

Abin da Masai ya yi

Ranar 30 ga Disamba, 2023 ya tura Anunoby New York tare da Malachi Flynn da Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal wanda yana cikin tawagar D'Tigers da ta doke Amurka da ci 90 da 87 a Yulin 2021. Ya karɓi RJ Barrett, ɗan Kanada mai shekara 23 da ke da sauran shekaru a kwantiraginsa, da Immanuel Quickley, da damar zaɓe ɗaya ta zagaye na biyu.

Ranar 17 ga Janairu, 2024, ƙungiyar na da nasara 15 da faɗuwa 25, ya tura Siakam Indiana Pacers. Ya karɓi Bruce Brown, da Kira Lewis, da Jordan Nwora wanda shi ma ɗan wasan D'Tigers ne, da damar zaɓe uku ta zagayen farko. A taron manema labarai da ya biyo baya, Masai ya kasa ɓoye damuwarsa yayin da yake magana a kan Siakam, yaron da ya zaɓa tun ba a san shi ba. Wannan aiki ba ya barin mutum ya bi son zuciyarsa.

Me ya biyo baya? Toronto ta ƙare kakar da nasara 25 da faɗuwa 57, ta gaba kuma 30 da 52. Anunoby ya sa hannu a New York a kan dala miliyan 212.5 na shekara biyar. Siakam ya sa hannu a Indiana a kan kusan dala miliyan 190 na shekara huɗu. A 2025 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na shiyyar gabas, Indiana ta yi nasara, aka ba wa Siakam kyautar gwarzon wannan zagaye. Daga nan Indiana ta je wasan ƙarshe na gasar, Oklahoma City Thunder ta doke ta da ƙyar, 4 da 3. A ƙarshen Yunin 2025 Toronto ta rabu da Masai bayan shekara 12.

To an cuci Toronto ke nan?

Da yawa a gidan kallo za su ce ƙwarai kuwa: ka bayar da mutum biyu, sun je sun yi fice, kai kana ƙasa. Mu ba mu ga haka ba, ga kuma dalilinmu.

Darajar ɗan wasa ba ɗaya ba ce a kowace ƙungiya. Indiana na da matashin tauraro, Tyrese Haliburton, ta kuma fi kowa zura maki a waccan kakar. Abin da ta rasa shi ne gogaggen mutum irin Siakam. A wurinta, biyan sa manyan kuɗi yana dab da shekara 30 daidai ne, domin kofi na kusa. A wurin Toronto, mai jiran Barnes ya nuna, kuɗin nan da sun tafi ne a shekarun da ba a cin komai, kafin Barnes ya kai ganiyarsa kuma Siakam ya fara gangara. Kaya ɗaya ne, amma sefa da naira ba su sayen sa a farashi ɗaya.

Masai da kansa ya taɓa zama a ɗaya ɓangaren. A Yulin 2018 ya bayar da DeMar DeRozan, wanda magoya baya ke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio Spurs, alhali saura shekara ɗaya kwantiragin Leonard ya ƙare. Leonard ya ci musu kofi, bayan 'yan makonni ya tafi Los Angeles Clippers, ba a samu komai a kansa ba. Babu wanda ya kira wannan asara, saboda ƙungiyar da ta ci wasa 59 a kakar da ta gabata mutum ɗaya take nema. Abin da Toronto ta yi wa San Antonio a 2018, shi Indiana ta yi wa Toronto a 2024.

Inda muke ganin an yi sake shi ne shekara ɗaya kafin nan, wato Fabrairun 2023. A lokacin ƙungiyar ta fi faɗuwa a kan cin wasa, Siakam da Anunoby kuma kowannensu na da sauran kaka ɗaya da rabi, wato albasar na da ƙarfinta. Maimakon a sayar, sai aka sayo. An karɓo dogon ɗan wasa Jakob Poeltl daga San Antonio, aka ba da damar zaɓe ta zagayen farko ta 2024. Poeltl ya yi aikinsa, amma ƙungiyar ta ƙare da 41 da 41, Chicago Bulls ta fitar da ita a wasan share fage, VanVleet ya tafi a banza. Mafi ciwo, bayan an sha kashi sau 57 a kaka ta gaba, ladan wahalar, wato zaɓe na 8, San Antonio ce ta ɗauka.

A yi wa Masai adalci, yana da hujjarsa a lokacin. A kakar 2021-22 waɗannan 'yan wasa sun ci wasa 48. Ba sauƙi ba ne mutum ya rushe ginin da ya ɗora da hannunsa saboda rabin kaka ɗaya ta lalace. Amma aikin tsakiyar kaka ke nan: ka auna ƙungiyar da ke gabanka yau, ba wadda kake tunawa ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A Disambar 2023 ya karanta lissafin daidai. Tun a Fabrairun 2023 ya kamata ya karanta shi.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, in an zo musu, mu daina tsayawa a kan maki. Mu tambayi me ƙungiya take yi in mutumin yana fili, me take yi in ba ya nan. Ko a wasan gidaje na makaranta, yaron da ke hana a ci mu yana da rabonsa a kofi kamar mai ci mana.

Na biyu, ɗan wasa mai kyau daban, kwantiragi mai kyau daban. Barnes araha ne a dala miliyan 8. A Yulin 2024 ya sa hannu a kan sama da dala miliyan 220 na shekara biyar, daga nan kuma ma'aunin da ake auna shi da shi ya canza, ko da wasansa bai canza ba.

Na uku, ga masu burin buga wasa a ƙungiya, ƙwallon ƙafa ne ko na kwando: kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku duba tsawonta kamar yadda kuke duba adadin kuɗin, ku kuma nuna wa babba mai ilimi ya karanta muku. Anunoby ya ƙi gaggawar sa hannu a kan miliyan 26 a shekara, ya samu sama da miliyan 42. Ya san dokar kasuwarsa ne.

Ga aikin gida. A kakar 2023-24 albashin RJ Barrett dala miliyan 23.9 ne, kuma bayan ya koma Toronto yana zura maki 21.8 a kowane wasa. Ku raba albashin gida 82, ku fitar mana da kuɗin maki ɗaya, ku kwatanta da na Anunoby. Sannan ku rubuta mana layi biyar a kan wannan: me ya sa amsar da kuka samu ba ta isa ta nuna wanda ya fi wani amfani ba? Ku aiko ta adireshin wannan shafi tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga amsoshin da suka fi gamsarwa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.